FASHIN BAƘI: 9,401,288, lambar da ake yi wa Kano rabo da ita

Akwai lamba guda da ke shafar rayuwar mutumin Kano, ko ya san da ita ko bai sani ba: 9,401,288. Ita ce adadin mutanen jihar a sakamakon ƙarshe na ƙidayar jama'a ta watan Maris na 2006, wanda Gwamnatin Tarayya ta wallafa a 2009. Tun daga lokacin ba a sake ƙirga 'yan Najeriya ba. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu na 2023, gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Saboda haka hasashen da hukumomi ke yi na yawan Kanawa a yau, daga wannan lamba ya samo tushe.

Batun ya wuce na tunƙaho. A rabon kuɗin Asusun Tarayya tsakanin jihohi, kashi 40 cikin 100 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, ragowar 30 kuma bisa faɗin ƙasa da yanayinta, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga, da ma'aunan ci gaban al'umma. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a tsara mazaɓu 360 na Majalisar Wakilai ta yadda yawan mutanensu zai yi kusa da juna. Lambar da ke ɗauke da wannan nauyi ta cancanci a shimfiɗa ta a faifai, a ga abin da ilimin lissafi zai iya faɗa game da ita, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

Girmanta

Alƙaluma bakwai gare ta, ana kuma karanta ta da miliyan tara da dubu ɗari huɗu da ɗaya da ɗari biyu da tamanin da takwas. Wanda zai kira mutum ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 108 da sa'a 19 kafin ya kai kan na ƙarshe. A zamanin da ake ciniki da wuri, Hausawa na kiran jakar wuri 20,000 keso. Da kowane mutum wuri ɗaya ne, da an ɗaure keso 470, a bar wuri 1,288 a tabarma.

Idan aka ce a jera mutanen sahu-sahu, yawan sahun ya yi daidai da yawan mutanen kowane sahu, ba za ta yiwu ba. Sahu 3,066 na mutum 3,066 zai ɗauki 9,400,356, a bar mutum 932 a waje. Tun kafin a yi wannan wahala ma, alƙalamin ƙarshe ya ba da amsa: duk lambar da aka samu ta hanyar ninka wata lamba da kanta ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8.

Cika ce ko mara?

Rabon farko da Bahaushe ya sani shi ne cika da mara, wato lambar da ke rabuwa biyu ba saura da wadda ba ta rabuwa. Wannan cika ce, tunda da 8 ta ƙare. Rabinta 4,700,644. Rabin wannan 2,350,322. Rabin wannan kuma 1,175,161, wadda mara ce. Ke nan 8 tana raba ta ba saura.

Uku ba ta raba ta. Hanyar ganewa ita ce a tara alƙalumanta: 9 da 4 da 0 da 1 da 2 da 8 da 8 sun ba da 32, ita kuwa 32 ba ta rabuwa uku. Biyar ma ba ta raba ta, domin ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Bakwai da sha ɗaya duk suna barin saura. Sai a kan 13 ake dacewa: 13 sau 90,397 ya ba da 1,175,161.

A nan rabo ya tsaya. Babu lambar da ke raba 90,397 ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan lambobi, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13, malaman hisabi na Larabci suna kiran kowacensu awwali. A nan za mu kira su gagara-rabo. Don tabbatar da cewa 90,397 tana cikinsu, ya isa a gwada ta da gagara-rabon da ba su wuce 300 ba, tunda 301 sau 301 ya riga ya zarce ta. Babu ɗaya da ta shiga. Ƙashin bayan lambar Kano ke nan: 2 sau 2 sau 2 sau 13 sau 90,397. Kowace lamba da ta wuce 1, ko dai gagara-rabo ce, ko kuma tana warwaruwa zuwa gagara-rabo ta hanya ɗaya tak. Tushen wannan ƙa'ida yana cikin littafin Iƙilidis, masanin Girka da ya rayu a Iskandariyya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa.

Daga wannan ƙashin baya ake gane cewa lambobi 16 ne ke raba ta ba saura: 1, 2, 4, 8, 13, 26, 52, 104, sannan kowace ɗaya daga cikin waɗannan takwas idan an ninka ta da 90,397.

Cikakkiya, mai rara, ko mai giɓi

Masana na dā sun kasa lambobi gida uku bisa jimlar lambobin da ke raba su, ban da su kansu. Idan jimlar ta yi daidai da lambar, ita ce cikakkiya, kamar 6, wadda 1 da 2 da 3 ke rabawa, su kuma haɗu su ba da 6. Haka 28 da 496 da 8,128. Idan jimlar ta gaza, lambar mai giɓi ce, kamar 10. Idan ta zarce, mai rara ce, kamar 12. Larabawa suka kira su tammi da naƙisi da za'idi, kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9, ya yi fice a wannan fage.

Lambar Kano mai rara ce. Idan aka tara lambobi 15 da ke raba ta, ana samun 9,582,292, wato rarar 181,004. Dalili kuwa shi ne 104 da ke cikinta mai rara ce, kuma duk lambar da mai rara ta raba, ita ma mai rara ce.

Ilimin ba baƙo ba ne a gonakinmu

Mai karatu na iya cewa wannan wasan Turawa ne. Ba haka ba ne. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara lambobi a hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Haka kuma duk malamin da ke rabon gado a Bichi ko Dambatta, da halayen lambobi yake aiki.

A ɗauki misalin magidanci da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar na da tumuni, wato ɗaya cikin takwas. Saura bakwai na 'ya'ya ne, namiji na ɗaukar rabon mata biyu, ke nan kaso biyar ake nema. Bakwai ba ta rabuwa biyar, kuma babu lambar da ke raba su biyun sai 1, abin da malaman fara'ili ke kira tabayuni. Sai a ninka 8 da 5, a mayar da dukiyar kashi 40: matar 5, kowane namiji 14, 'yar 7. Idan gonar hekta huɗu ce, kowane ɗa namiji zai tashi da hekta 1.4. Idan shi ma ya rasu, a sake yanka ta.

A rabon gado, lissafin na da amfani ne saboda an san magada, an ƙirga su, babu wanda ke musu. Idan aka manta da magaji ɗaya, komai ƙwarewar malami, rabon ya ɓaci. Wannan shi ne ainihin matsalar lambar Kano.

Mutum ɗaya ya isa

A ce jami'in ƙidaya ya tsallake tsohuwa ɗaya a wani gida a Badume. Adadin gaskiya ya zama 9,401,289. Nan take cika ta koma mara, 8 da 13 sun daina raba ta, 3 kuma da ba ta shiga ta fara shiga. Duk halayen da aka lissafa a sama sun rushe saboda mutum guda.

Hakan ta ma riga ta faru. Sakamakon wucin gadi da aka bayyana a Janairun 2007 ya bai wa Kano 9,383,682. Wannan lamba tana rabuwa uku da shida, ba ta rabuwa huɗu. Da aka fitar da na ƙarshe, an samu ƙarin mutum 17,606, halin lambar ya sauya ɗungurungum.

Don haka wanda ya lura cewa 13 tana raba lambar, kuma ƙananan hukumomi 13 ne a mazaɓar Sanatan Kano ta Arewa, kada ya ɗauka wata ishara ce. Katari ne kawai. Cika ko mara, rara ko giɓi, siffofin lambar ne da ke rubuce a takarda. Ba sa faɗin komai game da ko an ƙirga Kanawa daidai.

Alƙaluman ƙarshen ma ba su da ƙarfin da ido ke ba su. Ƙidayar 1991 ta samu mutum 5,810,470 a Kano, bayan an cire Jigawa. Daga nan zuwa 2006, ƙaruwar ta kama kimanin kashi 3.3 cikin 100 a shekara. A kan mutum miliyan 9.4, wannan na nufin ƙarin kimanin mutum 850 kowace rana. An shafe kwana bakwai ana ƙidayar, daga 21 zuwa 27 ga Maris, don haka kafin jami'ai su ajiye biro, jihar ta ƙaru da kusan mutum 6,000. Wanda ya ce miliyan 9.4 bai rage komai daga gaskiyar da lambar ke ɗauke da ita ba.

Rabon da ke da ma'ana

Lambar na fara magana ne idan aka raba ta da abubuwan da ke ƙasa. A kan kujeru 24 na Kano a Majalisar Wakilai, kowace kujera na wakiltar kimanin mutum 391,720. Idan aka raba jimlar ƙasa, 140,431,790, a kan kujeru 360, ana samun 390,088. Bisa alƙaluman 2006 ke nan, kujerun Kano ba su wuce ƙima ba, ba su kuma gaza ba.

A kan ƙananan hukumomi 44, matsakaicin shi ne 213,665, da saura 28. Amma babu wanda ke zaune a cikin matsakaici. A wannan ƙidaya Ungogo ta haura 360,000, Bichi ta haura 270,000, Tsanyawa ba ta kai 160,000 ba, Tofa kuwa ba ta kai 100,000 ba.

A kan faɗin jihar, kimanin murabba'in kilomita 20,131, ana samun mutum 467 a kowane murabba'in kilomita. Ma'ana, kason kowane mutum bai wuce ɗaya cikin biyar na hekta ba sai da kaɗan, kuma a ciki har da duwatsu da madatsun ruwa da tituna da dajin Falgore. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi, ko hanyar Daura ta Dambatta, ya san yadda wannan lissafi yake a ido: gona na manne da gona, gawo da ɗorawa da tsamiya na tsaye a tsakiyar gero da dawa, ga gidaje a warwatse ba iyaka. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya fara nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa manoman yankin suna noma kusan kowace gona kowace shekara, ba sa barin saura, taki ne ke riƙe musu ƙasa. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan masu cewa karkarar Arewa fayau take ba mutane. Sai dai tana tabbatar da cunkoso ne kawai, ba ta tabbatar da takamaiman adadi ba.

Gwajin da ke kama kuskure

Akwai hanyoyin da lissafi ke bi ya binciki alƙaluman hukuma. Mafi tsufa shi ne mizanin tara. Sakamakon ya ce maza 4,947,952 ne, mata 4,453,336. A tara alƙaluman maza, a samu 40, a sake tarawa, a samu 4. Na mata 28, sai 10, sai 1. Na jimla 32, sai 5. Tunda 4 da 1 sun ba da 5, tarawar ta tsallake gwaji. Abin da aka auna a nan aikin mai tarawa ne, ba na mai ƙirgawa ba.

Waɗannan alƙaluma biyu sun fi tayar da tambaya ta wata fuska. Maza sun fi mata da 494,616, wato maza 111 ga kowace mace 100, alhali a ƙasa baki ɗaya 103 ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ana iya danganta hakan da maza 'yan ci-rani da almajirai da ke shigowa jihar, musamman da yake a tsakiyar rani aka yi aikin, kuma ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi. Ana iya danganta shi da matan kulle da jami'i namiji bai samu ganinsu ba. Ana kuma iya danganta shi da ƙarin sunaye. Idan na biyun ne, an tauye Kano. Idan na ukun ne, an yi mata ƙari. Alƙaluman gunduma-gunduma ne za su iya raba gardama, jimlar jiha ba za ta iya ba.

Sai gwajin alƙalamin ƙarshe. A ƙirga ta gaskiya mai ɗimbin sakamako, kowane alƙalami daga 0 zuwa 9 ya kamata ya zo a ƙarshe kimanin sau ɗaya cikin goma. Mutum kuwa idan yana ƙirƙirar lamba daga kansa, yakan fifita wasu. Bernd Beber da Alexandra Scacco sun wallafa nazari a 2012 da ya yi amfani da wannan hanya a kan sakamakon zaɓen 2003 na Jihar Filato, suka ga ya kauce wa abin da ake tsammani. A fagen ƙidaya, irin wannan gwaji ne ke nuna yadda shekarun mutane ke taruwa a kan 30 da 35 da 40, saboda da yawa ba su da takardar haihuwa. Sharaɗin duk waɗannan gwaje-gwaje ɗaya ne: suna buƙatar ɗaruruwa ko dubban lambobi. Lamba ɗaya, komai girmanta, ba a yi mata su.

Tsakanin Kano da Legas

Sakamakon ƙarshe ya bai wa Legas 9,113,605. Tazarar 287,683 ce, kimanin kashi 3 cikin 100. Gwamnatin Legas ta lokacin, ƙarƙashin Bola Tinubu, ta yi watsi da sakamakon, ta ce tata ƙirgar ta samu sama da miliyan 17. A 2013, shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Festus Odimegwu, ya fito fili ya soki sahihancin ƙidayoyin da aka yi a baya. Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya nemi a sauke shi, kafin shekarar ta ƙare kuma ya bar kujerar. Rigimar tsohuwa ce: an soke ƙidayar 1962, an yi ta jayayya kan ta 1963, Janar Murtala Muhammad kuma ya soke ta 1973.

Lissafi na da abin faɗa a nan, amma ba ya goyon bayan kowa. Da a ce an ƙara wa Kano kashi 2 cikin 100, an kuma tauye wa Legas kashi 2, da Legas ce a gaba. Da kuskuren ya juya, da tazarar ta ninka har ta wuce. Kuskuren kashi 2 ba abin mamaki ba ne ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, shi ya sa ake sake komawa wasu zaɓaɓɓun wurare bayan ƙidaya don a auna yawan waɗanda aka tsallake. Masu suka na kuma nuni da cewa kason jihohin biyu bai motsa sosai ba cikin shekara 15: Kano daga kashi 6.5 zuwa 6.7, Legas daga 6.4 zuwa 6.5. Wannan abin dubawa ne, amma shi kaɗai bai isa hukunci ba.

Ƙidaya, ƙiyasi, hasashe

Rabe-raben da ya fi muhimmanci ga ɗan ƙasa ba na cika da mara ba ne. Shi ne sanin ta wace hanya aka samo lamba. Ƙidaya ita ce a je a ƙirga. Ƙiyasi shi ne a ƙirga wani ɓangare a auna saura da shi. Hasashe shi ne a ɗauki tsohuwar ƙidaya a ninka ta da saurin ƙaruwar da ake zato.

Duk adadin Kanawa da ake ambata yau hasashe ne, kuma ɗan bambanci a zato na haifar da babban bambanci a sakamako. Idan ƙaruwar ta tsaya a kashi 3.3, shekara 20 bayan 2006 adadin zai kai kusan miliyan 18. Idan ta sauka zuwa 2.5, zai tsaya a kimanin miliyan 15.4. Tsakaninsu akwai mutum miliyan 2.6, waɗanda ko dai suna nan suna buƙatar aji da asibiti da taki, ko kuma babu su. Hasashen ma yakan ɗauka cewa kowane yanki na ƙaruwa da sauri ɗaya, alhali gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da ke bakin birni suna komawa filaye da unguwanni, matasan ƙauyukan nesa kuwa suna kwararowa cikinsu.

Abin da ya kamata a nema

Hukumar Ƙidaya ta ce ƙidaya mai zuwa da na'ura za a yi ta. Na'ura za ta rage kuskuren tarawa, amma ba za ta shiga gidan da jami'i bai shiga ba. Abin da matasa za su dage a kai tun yanzu a bayyane yake. A wallafa sakamako har zuwa matakin gundumomi 484 na jihar da ƙauyukansu, maza daban, mata daban, da shekarunsu, domin dagaci da malamin makaranta da ɗan jarida su iya gwada shi da abin da suka sani. A ɗauki mata jami'ai isassu da za su shiga cikin gidaje. A bayyana sakamakon binciken bayan ƙidaya, da yawan waɗanda aka tsallake a kowace jiha. Duk jami'in da ya ambaci yawan jama'a kuma, a tambaye shi: ƙirgawa aka yi ko hasashe, daga wace shekara, kuma da wane saurin ƙaruwa?

Yaron da aka haifa a Tsanyawa mako guda bayan an rufe ƙidayar 2006 ya kai shekarun zaɓe tun 2024. Ba ya cikin 9,401,288, kuma har yau babu wanda ya zo ƙirga shi.